Ranka Ya Daɗe, Sabis, Sarkin da Ba Ya Zaman Fada

Ƙasar da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa ba ta rasa manya ba. Bakura ta ba Zamfara gwamnanta na farko na farar hula, Ahmad Sani Yarima, a 1999. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun ta ba da Bello Matawalle a 2019. Kowannensu an yi masa kiɗa, an yi masa kirari, maroƙa sun ci abinci da sunansa. Amma akwai wani mai mulki a yankin nan da ya fi su duka daɗewa a kan karaga, ba a zaɓe shi ba, wa'adinsa ba ya ƙarewa, kuma har yau ba a tsaya an yi masa yabon da ya dace da aikinsa ba. Shi ne Sabis. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma tun ranar da ta iso mana muke biyan harajinsa da katin waya, muna ɗaga hannu sama muna neman fuskarsa. Daga Dakko zuwa Rini, daga Jangebe zuwa Kaya, babu gidan da ba a ambaton sunansa kullum. Yau na zo biyan bashin yabo.

Ranka ya daɗe, adalcinka za a fara ambata. Ba ka san mai kuɗi ba, ba ka san talaka ba. Ranar Talata kasuwar Mafara ta cika ta batse, mai saye ya tura kuɗin buhun shinkafa an cire masa, mai sayarwa bai ga alat ba, mai POS yana jijjiga na'urarsa yana ɗaga ta sama. Su ukun ka bar su cikin rana suna zargin juna, ba ka fifita kowa ba. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo aka ce kowa ya koma transfa, mun ga yadda ka riƙe adalcin nan gam, har mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa daidai da wanda ba shi da ko sisi. Wannan kowa ya sani, an faɗa an maimaita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda kake yi da talakawanka mafiya ƙanƙanta, waɗanda ba su da baki balle su kai ƙara.

Ina nufin 'yan ƙananan na'urorin awo da ake saka wa layin waya a ciki, a dasa su a wuri, a tafi a bar su. Akwai mai auna tsayin ruwa a magudana ko rijiya, akwai mai auna laimar ƙasa a gona, akwai mai kunna famfon sola ta kashe shi. Akwai mai gadin firjin alluran rigakafi a ƙaramin asibiti, tana lura kada sanyi ya fita daga tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai wadda ake ɓoyewa cikin babur don a san inda ya nufa idan an ƙwace shi. Duk cikin masu roƙo a ƙofarka babu mai ƙaramar buƙata irin tasu. Ba su kallon bidiyo, ba su hawa Facebook. Na'urar awon ruwa barci take yi kusan ko da yaushe. Ta farka sau ɗaya a awa, ko sau biyu a yini, ta auna, ta aika 'yan lambobin da ba su cika saƙon tes guda mai haruffa 160 ba, ta koma barcinta, inda wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Da wannan lissafi masu ƙera ta ke rubutawa a jikin kwali cewa batir ɗinta zai yi shekaru. A 2016 ma, 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar salula a duniya, ta fitar da fasahohi biyu domin irin waɗannan na'urori, NB-IoT da LTE-M, da burin batir ya kai shekara goma, saƙo kuma ya fita ko daga ƙarƙashin gini. Sai dai fasahar ba ta aiki sai kamfanin waya ya kunna ta a kan turkensa. Inda bai kunna ba, na'ura sai ta koma wa tsohon 2G, wato ta dawo hannunka.

A nan baiwarka ta tarbiyya ke bayyana, domin ba ka son ragwanci. Na'urar da aka ƙera don barci, kai ka koya mata tsayuwar dare. Ta farka ta nemi turke ba ta samu ba, ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta sake bi. Idan ta ji ɗuriyarka daga nesa sai ta ƙara ƙarfi har ƙurewa, wato wat biyu. Tana nan kamar mai sallama a ƙofar gidan da masu shi suka yi ƙaura, yana ƙara ɗaga murya har ta dishe. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki batir mai miliamfa 3,000. Idan na'ura na jan miliamfa 100 tana nemanka ba hutu, awa 30 ta ishe shi ya mutu. Shekarun da aka rubuta a kwali sun koma kwana ɗaya da 'yan awoyi. Kana da wata dabarar ma da ta fi wannan kyau. Ƙaramin injin 2G, daidai lokacin da zai aika saƙo, yakan fizgi wuta har amfa biyu cikin ƙiftawar ido. Idan batir ya riga ya ji jiki da zafin Afrilu, fizgar nan kan sa wuta ta faɗi, na'ura ta mutu ta tashi, ta fara nemanka daga farko, ta same ka, ta yunƙura za ta aika, ta sake mutuwa. Haka za ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare, saƙo ɗaya bai fita ba.

Wanda ke son ganin girmanka ido da ido ya tsaya kan mai gyara. Na ga wani matashi mai aikin sola tsugune a bakin wata gonar rani, gaban akwatin roba da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Mai gonar dattijo ne, ya sayi na'urar don ta riƙa sanar da shi idan ruwa ya ja baya a rijiyarsa, ta kuma kashe masa famfo.

"Ɗana, mi ya hana ta magana? Tun ran Jumma'a ban ji ta ba."

"Baba, bari mu tambaye ta."

Ya kwance murfi, ya hure ƙura, ya kakkaɓe kiyashin da suka yi gida a kusurwa. Abin da ya fara kallo wata 'yar fitila ce da ba ta fi ƙwayar gero ba. Idan tana ƙifta ido kusan kowace daƙiƙa, nemanka take yi. Idan ta natsu tana ƙiftawa bayan daƙiƙa uku, ta same ka. Wannan tana ta ƙifce-ƙifce ba natsuwa. Ya ɗora mita a kan batir, ya goge ƙurar hunturu da ta lulluɓe farantin sola, ya ƙara ɗaure bakin eriya. Ya zare layin ya saka a ƙaramar wayarsa don ya ga ko yana da rai, ko data ta ƙare. Layi lafiya lau. Ya mayar, ya duba sunan ƙofar intanet da aka rubuta wa na'urar, wanda suke kira APN, ko harafi ɗaya bai kauce ba. Sannan ya jona kwamfutarsa ya tambayi injin ƙarfin sabis. Awon daga 0 yake zuwa 31, kuma duk abin da ya gaza 10 wahala ne. Ta ce 6. Ya sake tambaya ta ce 99, lambar da ke nufin ba ta ma ji ka ba. Ya tambaye ta rajista, inda 1 ke nufin an karɓe ta, 2 tana kan nema, 3 an kore ta. Ta ce 2. Sai ya aiki yaro ya samo doguwar gora, ya ƙara waya, ya ɗaure eriya a kanta ya kafa. Awo ya hau 11. Fitila ta natsu, saƙo ya fita.

Dattijo ya ciro wayarsa daga aljihu, taku biyu tsakaninsa da akwatin. Shiru. Layinsa na wani kamfani ne daban, kuma a wannan gefen ka tafi hutu. Sai bayan la'asar saƙon ya shigo, yana ba shi labarin ruwan da ya gani da idonsa tun hantsi.

"To ɗana, laihin wa na?"

"Baba, ba na na'ura ba ne, ba naka ba ne."

Bai ƙarasa ba, domin ya san ba a kai ƙarar sarki. Kuɗin mota da na aiki dattijo ya biya, zargi kuma matashin ya ɗauka, don gobe idan ta sake yin shiru shi za a kira macuci mai sayar da jabu. Madalla da kai, ranka ya daɗe, ka yi laifi wani ya sha zagi, ka kuma mayar da yaron gwani ba tare da ka karɓi kuɗin makaranta ba.

Ya kamata a faɗi dalilin da ya sa dattijo irin wannan zai cire kuɗin takinsa ya sayi akwatin roba. A Holan ko Isra'ila manomi na dasa na'urar awo don ya rage ɓarnar ruwa, ya ƙara riba. A nan kuwa saƙon na'ura yana maye gurbin tafiya ne, kuma tafiya a yankin nan ba ƙaramin abu ba ce. Kowa ya san abin da fita gona da asuba ko da almuru ke nufi tun da 'yan bindiga suka kama dazuzzuka. An ɗauke mutane a kan kunya da fartanya a hannu, an sayar da gonaki an biya kuɗin fansa, an yi jana'izar waɗanda ba su dawo ba. Duk saƙon da ya iso yana cewa ruwa na nan, famfo ya mutu lafiya, to wani ɗa ya kwana a gida. Duk saƙon da ya maƙale, wani zai hau babur ya je ya duba. Haka abin yake ga ma'aikacin lafiyar da firjinsa ke wani ƙauye: ko dai ya bi hanyar, ko ya yi wa jarirai allurar da bai san ko zafi ya lalata ta ba. Wannan shi ne nauyin 'yan lambobin da ba su cika saƙon tes ba, kuma kai ne ka ga ya dace su jira.

Mahassada na cewa ɓacewarka sakaci ne. Ba su san tarin uzurin da ke kanka ba. Turken da kake zaune a kai ba wutar gwamnati ke riƙe da shi ba, janareta ne da batura, wani wuri da sola. Janareta sai da man gas, man gas sai mota ta kawo, mota sai direba ya yarda ya bi hanyar. Idan an sace baturan turke, ko mai gadi ya tsere, ko injiniya ya ce ba zai shiga ba sai da rakiyar jami'an tsaro, wa zai ga laifinka? Sannan turke ba ya rayuwa shi kaɗai. Ko dai wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa ta haɗa shi da 'yan'uwansa, ko wani faranti a samansa ya kalli farantin wani turken. Katafila mai aikin hanya ta tsinke waya a wani gari mai nisa, ko turken tsakiya ya mutu, sai duk na bayansa su yi tsit. Wani lokaci ma waya za ta nuna ka cika fal, amma ko harafi ba ya wucewa, domin turken na da rai, hanyarsa ce ta yanke. Wannan ce kyautarka mafi tsada ga mai gyara, don duk awon da ya yi zai ce masa lafiya lau. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake hukunta mai taɓa su. Takarda ta yi kyau. Mai buga waya daga Dakko shi zai faɗi ko ta hana waya tsinkewa.

Ko turke na da rai, kana da dogarai masu tsaron ƙofa. Tun Disambar 2020 aka ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A Afrilun 2022 aka toshe kiran miliyoyin layuka, a Satumbar 2024 wa'adin ƙarshe ya cika. Dalilin tsaro aka bayar, kuma babu mazaunin Zamfara da zai raina dalilin tsaro. Amma layin da ke cikin akwati a bakin gona, da sunan wa aka yi masa rajista? Sau da yawa da sunan yaron da ya zo ya dasa ne, wanda yanzu ci-rani ya kai shi Kano ko Abuja. Idan aka toshe layin, saƙon gargaɗi cikin akwatin zai shiga, inda ba mai karantawa. Ga kuma ƙa'idar da ta ba kamfani damar rufe layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba. Damina ta sauka, noman rani ya tsaya, manomi ya cire na'urarsa ya adana don gudun ɓarayi. Kaka ta wuce ya ɗauko, ya tarar layi ya mutu. Ga data mai ƙarewa bayan kwana 30, alhali abin da na'urar za ta ci a shekara bai kai abin da saurayi ke ƙonawa a kallon bidiyo ɗaya ba. Layukan da aka keɓe wa na'urori akwai su, amma hanyar samunsu ta masu ofis da takardun kamfani ce. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ka karɓi ƙarin hannu bibbiyu, kunya ba ta sa ka ce ba ka cancanta ba.

Duk waɗannan ƙananan ayyuka ne idan aka kwatanta da biyayyar da ka nuna a 2021. A Fabrairun shekarar aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Gwamna Matawalle ya nemi a katse sadarwa don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, NCC ta rubuta wa kamfanoni, ranar 3 ga Satumba aka kashe turakun jihar baki ɗaya. Kai da ake wahalar samu da rana tsaka, da aka ce ka tafi, ba ka ɓata lokaci ba, ba ka bar ko ƙyalle ba. Mako biyu aka ce. Gusau ta sake ganinka ranar 1 ga Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba. Katsina ta katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, don haka mai tsallaka iyaka neman kira ma sai ya ƙara gaba. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha.

Babu mai musun cewa wuta ce ta kai wa gwamnati wuya, kuma duk wanda aka taɓa ɗauke wa ɗa zai fahimci mai neman kowace irin mafita. Amma wuƙar ta yanki kowa. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran ɗauki. Duk wata na'ura mai layi a cikinta, daga POS zuwa mai gadin firji, ta zama kurma kusan wata uku, kuma wadda ba a koya wa haƙuri ba ta ƙone batir ɗinta tana nemanka tun a kwanakin farko. Ba a ware wata hanya ga na'urorin da ba sa kira, ba sa karɓar kira, ba su san kowa a daji ba. Bayan an dawo da kai, a farkon Janairun 2022, aka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A tsakanin nan kuwa, ranar 13 ga Disambar 2021, aka yi gwanjon lasisin 5G a Abuja, MTN da Mafab suka ci, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Ka cancanci jinjina: a birni kana gudun walƙiya, a Dakko kana koya mana darajar 2G.

Ba kai kaɗai za ka kwashe yabon ba, domin kana da magabata. An fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An tsara shayar da hekta 23,000, daga ciki 15,000 da bututun feshi masu dogaro da famfuna da wutar lantarki. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka amsa musu da harsashi a Birnin Tudu, aka kashe mutane da yawa. Bututun feshin kuwa suka mutu, aka koma wa ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudana, wanda ba ya buƙatar wuta ko kayan gyara daga Turai. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani, Bakolori na cikin wuraren da aka zaɓa. Darasin a fili yake: abin da aka zana a wata ƙasa bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa, a nan kwanansa ƙirgagge ne. Don haka a jinjina wa duk ɗan kwangila da duk mai tallan noman zamani da zai zo da akwatin da aka gwada a ɗakin taro mai sanyi, ya dasa, a ɗauki hoto, a yanke kintinkiri, ya tafi bai bar lambar wanda za a kira ba. Ya riƙe al'adar magabata, sai dai inda su suka yi zaton wuta, shi ya yi zaton sabis.

Maƙiyanka, ranka ya daɗe, ba su barci, kuma ya kamata ka san abin da suke ƙullawa. Suna cewa kafin a sayi na'ura a je wurin da za a dasa ta a auna kowane kamfani, da safe da yamma, da rani da damina. Suna cewa a koya wa na'ura haƙuri: idan ta neme ka ba ta samu ba, ta koma barci minti biyar, sannan goma, sannan ashirin, tana ninkawa, maimakon ta kashe kanta a ƙofarka. Suna cewa ta riƙa rubuta awonta a ma'ajiyar cikinta, duk ranar da ka ga damar dawowa ta aika gaba ɗaya, kuma ta iya komawa ga saƙon tes idan data ta ƙi. Suna cewa aiki mai hatsari, irin kashe famfo idan rijiya ta ƙafe, na'ura ta yi shi da kanta ba sai ta nemi izinin wata kwamfuta a Legas ba. Suna cewa a sa mata layi biyu na kamfanoni daban-daban, a ɗaga eriya sama, a yi wa akwati inuwa, a ba batir abin tallafi da zai jure fizgar wuta, a sa mata mai tayar da ita idan ta sandare.

Mafi munin makircinsu shi ne su rage dogaro da kai. Akwai rediyon LoRa, mai cin wuta kaɗan, wanda ke kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomitoci a fili ba tare da layin waya ba. A shimfiɗaɗɗen fili irin na Bakolori, na'urori da yawa za su iya aika wa tasha guda da aka kafa a wuri mai tudu, ita kaɗai ce za ta nemi fuskarka, kuma ko ka ƙi zuwa, manomin da ke kusa zai iya karanta awonsa. Suna ƙarawa da cewa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau na nan Talata Mafara, Kwalejin Aikin Gona na nan Bakura, babu dalilin da zai sa a jira injiniya daga Abuja don a canja batir. Suna tunatar da cewa dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba, kuma ƙauyukan da ke ciyar da jiha da shinkafa suna da haƙƙi a cikinsa. Har suna neman idan wata rana tsaro ya sake tilasta katse sadarwa, a yi shi da iyaka, da wa'adin da za a cika, da hanyar da asibiti da mai neman ɗauki za su bi. Ka ga irin rashin ta-ido.

Ni ina tare da maƙiyan nan, kuma ba na ɓoyewa. Sabis ba aljani ba ne, ba iska ba ce. Turke ne da wani ya yanke shawarar inda za a kafa, man gas ne da wani ya sa hannu a kai ko a fasa, ƙa'ida ce da wani ya rubuta, kwangila ce da wani ya karɓi kuɗinta. Duk inda aka ce ka ɗauke, akwai mutum mai suna da ofis da ya ga cewa dattijon bakin rijiya zai iya jira, ɗansa kuma zai iya hawa babur. Mutanen Dakko da Bakura da Mafara da Maradun sun ba da gonakinsu aka yi madatsa, sun ba da jininsu a 1980, sun ba da 'ya'yansu uku suka yi mulki, suna biyan kati ba fashi. Abin da suke nema saƙo ne guda ya fita daga gona ya iso gida a kan lokaci.

Saboda haka, ranka ya daɗe, da kai da fadawanka da dogaranka da masu cin kwangila da sunanka, ga addu'armu. Allah ya saka muku da kwatankwacin abin da kuka yi mana, ba ragi ba ƙari. Ranar da ɗayanku zai tsaya a tsakiyar hanya da dare yana da kira ɗaya tak da ya zama dole ya shiga, Allah ya haɗa shi da irin sabis ɗin da ya ga ya ishi mutanen Dakko.